Kare Mai Yawan Susa: Anya Hatsi Ne Mai Laifi?

A manyan kantunan Abuja da Kano da Kaduna, buhunan busasshen abincin karnuka da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sun zama abin gani yau da gobe. Wasu daga cikin masu tsadar suna ɗauke da tambarin cewa babu hatsi a ciki: ba masara, ba alkama, ba shinkafa. Mai karen gadi da ya gaji da ganin dabbarsa tana susa dare da rana, tana lasar ƙafafu har su yi ja, kunne na wari, ko ciki na yawan ɓaci, yakan ɗauka wannan buhun ne maganin damuwarsa. Sau tari kuwa asarar kuɗi yake yi, domin ba kasafai hatsi ke zama mai laifin ba.

A 2016 wasu masana lafiyar dabbobi uku, Mueller da Olivry da Prélaud, sun tattara bayanan karnuka 297 da aka tabbatar wani abinci ne bai karɓi jikinsu ba. Naman shanu ne ya zo kan gaba da kashi 34 cikin ɗari, sai madara da danginta kashi 17, kaza kashi 15, alkama kashi 13. Masara kashi 4 kacal ta samu, shinkafa kuwa kashi 2. Dalilin a fili yake. Garkuwar jiki da furotin take faɗa, musamman wanda kare ya daɗe yana ci, kuma shanu da kaza su ne suka cika yawancin abincin karnuka. Ke nan idan kaza ce ke damun karenka, ka sayo masa buhun da ba hatsi amma kaza ce jigonsa, an gudu ne ba a tsira ba.

Masu talla sukan ce kare jikan kyarkeci ne, don haka cikinsa bai san hatsi ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2013, ya nuna akasin haka. Ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin narkar da sitaci guda biyu ce a jikin kyarkeci, a jikin kare kuwa an tarar da ita daga 4 har zuwa 30. Dubban shekarun zama da ɗan Adam sun sauya masa ciki. Karnukan ƙauyukanmu da ke rayuwa kan ragowar tuwo da ƙanzo shaida ne. Akwai dai 'yan jinsuna, kamar wasu zuri'ar Irish Setter, da sinadarin alkama ke cutar da hanjinsu, amma ba su da yawa.

Kafin ma a zargi abinci, a fara duba fata. Ƙuma da kaska da ƙazwa, da ƙura da garin furanni, sun fi abinci jawo ƙaiƙayi nesa ba kusa ba, kamar yadda tsutsar ciki ke yawan kawo zawo. Susar da ke tasowa da damina ta lafa da rani ba ta cika zama ta abinci ba, tunda kwanon kare ba ya sauyawa da yanayi. Wannan rarrabewar aikin likitan dabbobi ne.

Idan an kawar da waɗannan duka, hanya ɗaya ce tabbatacciya ta kama mai laifi, kuma haƙuri take so. A ɗora kare kan abinci guda tak na tsawon mako takwas: nama iri ɗaya wanda bai taɓa ci ba, kamar zomo ko agwagwa, tare da sitaci iri ɗaya, kamar dankali. Ko kuma a yi amfani da abincin likita da aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana har garkuwar jiki ba ta gane shi, irin su Hill's z/d da Purina HA da Royal Canin Anallergenic. A cikin makonnin nan ba ƙashi, ba biskit, ba romo. Guntun tsire ɗaya da yaro ya jefa masa, ko kan kazar da maigadi ya miƙa masa don tausayi, ya isa ya rushe aikin. Fiye da kashi 90 na karnukan da abinci ne matsalarsu sukan sami sauƙi a wannan wa'adin. Daga nan sai a mayar masa da tsohon abincinsa. In susar ta dawo, galibi cikin mako biyu, magana ta tabbata, sai a riƙa gwada kayan ɗaya bayan ɗaya har a gano wanne ne. Gwajin jini ko yawu ko gashi da ake tallatawa ba ya maye gurbin wannan.

Akwai kuma abin da ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da abincin da ba hatsi. Busasshen abinci ba ya dunƙulewa sai da sitaci, saboda haka idan kamfani ya cire masara da shinkafa, sai ya cike gurbin da koren wake da adas da sauran dangin wake, ko dankali. A watan Yulin 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da cewa tana binciken alaƙar irin wannan abinci da wani ciwon zuciya da ake kira DCM, inda zuciya ke buɗewa, namanta ya yi laushi, ta kasa harba jini yadda ya kamata. Da ma an san ciwon a matsayin na gado a jinsin Doberman da Great Dane, sai ga shi yana ɓulla a jinsunan da ba a saba gani ba. Zuwa ƙarshen Afrilun 2019 hukumar ta karɓi rahoto kan karnuka 560, 119 daga ciki sun mutu. Kashi 91 na abincin da aka ambata ba hatsi a ciki, kashi 93 kuma na ɗauke da koren wake ko adas. A ƙarshen 2022 ta ce rahotannin ba su isa hujjar cewa abincin ne sanadi ba. Duk da haka an ga karnukan da zuciyarsu ta farfaɗo bayan an sauya musu abinci, abin da ba ya faruwa a ciwon gado.

To idan gwaji ya nuna alkama ce matsalar fa? Ba lallai a guji hatsi duka ba, domin buhun da aka yi da shinkafa ya wadatar. Wanda kuma ya zaɓi marar hatsi, ya juya buhun ya karanta bayansa. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. Za ka ga kifi a farko ka yi murna, sai ka tarar da koren wake na biyu, garin koren wake na huɗu, furotin ɗin koren wake na biyar, adas na shida. An rarraba su ne don kifi ya zauna a sama, in ka haɗa su suna iya rinjayarsa. Irin wannan buhun a mayar da shi kan kanta. A nemi wanda ya faɗi sunan namansa ƙarara, nama iri ɗaya, ba "naman tsuntsaye" ko "kitsen dabba" ba. A tabbatar akwai shaidar cewa abinci ne cikakke bisa ƙa'idar AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai, kuma ya dace da shekarun karen.

Sauyin abinci a yi shi sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, ana ƙara sabo ana rage tsoho. A ƙasa mai zafi kamar tamu a sayi ƙaramin buhu, a duba ranar lalacewarsa, a rufe bakinsa a ajiye a wuri mai sanyi, don zafi na ɓata kitsen ciki, laima kuma na kawo fumfuna. Karen da ke cin abinci marar hatsi in ya fara saurin gajiya, ko tari, ko haki, ko ya yanke jiki ya faɗi, a garzaya da shi asibitin dabbobi, a kuma tafi da buhun abincin don likita ya gani.