Kaka ta wuce, lokacin yaɓe da adon gida ya yi

Hatsi ya shiga rumbu. Wake ya bushe. Yanzu manomi ya samu hutu kaɗan. To, sai ya zagaya gidansa, ya duba abin da damina ta yi ma bango.

A cikin watan Satumba na 2024 an yi ruwa mai ƙarfi a Damagaram. Tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe, ginin da ya haura shekara 170. A wannan damina gidajen ƙasa da yawa sun faɗi a jahohin Damagaram, Maraɗi da Tawa. Ruwa mai yawa yana kada ko gini mai ƙarfi. Amma bangon da ya tsage, ba a yi masa yaɓe ba, shi ruwa yake fara ci.

Me ya sa yanzu ne lokacin aikin? Tabki bai ƙafe ba tukuna. Ƙaiƙayin hatsi yana nan tuli a masussuka. Samari ba su tafi ci-rani ba. Wanda ya bari sai bazara, zai tarar ba ruwa, ba hannu.

Magina na da ba su yin gaggawa. Suna kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi ko haki da kashin jaki. Su bar ta ta kwana biyu ko uku, suna ƙara ruwa, suna tattakawa. Kafin a yaɓa, sai a kankare tsohon yaɓen da ya kumbura, a yayyafa ma bango ruwa. In ba a jiƙa shi ba, sabuwar ƙasa ba ta kamawa.

Sannan sai makuba. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa cikin ruwa har ruwan ya yi ja. Ana kwaɓa yaɓen ƙarshe da shi. Mata ma suna zuba shi a wajen daɓe, ƙasan ɗaki ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Inda babu ɗorawa ana amfani da bagaruwa. Abin takaici, a garuruwa da yawa an sare ɗorawa, yara sun tashi ba su san makuba ba.

Wasu suna cewa siminti ya fi. A kan bulo, gaskiya ne. Amma a kan bangon ƙasa siminti ba ya daɗewa. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita. Wata rana ya ɓalle gaba ɗaya, ya bar rami. Kuɗi sun tafi, bango ya lalace.

Duk wanda ya shiga Birni a Damagaram ya ga ƙofofin zaure masu zane. Magini yana yin zanen tun yaɓe yana ɗanye, da yatsa ko wuƙa ko cokali. Ya fitar da dagi, ko takobi, ko tauraro. In ya bushe, a shafa farar ƙasa da jar ƙasa da shuni. A bisa kuma a ɗora zanko. Wannan ado ba na maigida ba ne shi kaɗai. Na duk mai wucewa ne. Baƙo yana ganin ƙofa, ya san akwai mai kula a gidan. Kuma ba sai mai kuɗi ba: layi biyu na farar ƙasa a bakin ƙofa sun isa su canza fuskar gida.

Mutanen Yama, cikin jahar Tawa, sun nuna abin da ƙauye zai iya. A 1962 suka fara ginin masallacin Jumma'a da ƙasa. Magininsu Falke Barmu manomi ne kamar kowa. Wasu suka yi tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, babbar kyauta ta gine-gine a duniya.

Sauran adon tsakar gida kuwa, na uwargida ne. Fasasshen tulu ko tsohuwar tasa ba abin yarwa ba ne. A huda gindi don ruwa ya fita. A zuba ƙasa da rairayi da tsohon taki. A shuka tonka, ko yakuwa, ko albasa mai ganye. Ruwan da aka wanke hatsi da shi ya ishe su, amma ban da ruwan sabulu. Gida ya yi kore cikin rani, miya kuma ta samu ganye. Sai a kewaye da ƙaya saboda awaki da kaji.

Sai dai a kula. Kada a jingina tukwanen shuka da bango. A bar tsakani kamar taki biyu, don laima tana cin gindin gini. A duba indararo kuma tun yanzu. Wanda ya karye a sake shi, ya zama mai tsawo, yadda ruwan soro zai zuba nesa da bango.