Sikawut a zangunanmu: amana ba ta hana doka

A yawancin makarantun Kumasi da ke da ƙungiyar sikawut, in ka duba jerin sunayen yara za ka tarar 'ya'yan zango ba su taka kara sun karya ba, ko da kuwa su ne suka fi yawa a aji. Ba don yaran ba sa so ba ne. Suna so ƙwarai. Ka gan su a bakin fili suna leƙen masu fareti. Iyaye ne ke ɗari-ɗari, kuma suna da dalilansu.

Ni malamin makaranta ne, kuma shekaru ke nan ina jagorantar rundunar sikawut ta yara 32, mafi yawansu Musulmi. Abin da na fahimta shi ne, ɗaure igiya da kafa tanti ba su ne wahalar wannan aiki ba. Wahalar tana wurin ƙa'idojin da za a tafi a kansu: wa zai kwana da yara, yaushe za a yi salla, wa zai riƙe kuɗi. Rundunar da ta zauna da iyaye ta rubuta amsoshin waɗannan tambayoyi tana ɗorewa. Wadda ta ce "ai mun san juna" ba ta cika shekara biyu.

"Ba ta coci ba ce?"

Wannan ita ce tambayar farko da kowane uba zai yi maka. Gaskiya ne Bature ne ya kafa ta, Robert Baden-Powell, wanda ya fara da sansanin gwaji na yara 20 a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907. Ta iso ƙasar nan a 1912, kuma ta yaɗu ne ta makarantu a zamanin da yawancinsu na mishan ne. Don haka kakanninmu da suka yi mata kallon ƙofar shiga Kiristanci ba su yi wauta ba.

Amma yau labari ya sha bamban. Ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan sikawut a duniya ita ce Indonesiya, wadda kuma ta fi kowace yawan Musulmi. Akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar sikawut ta Musulmin duniya mai hedikwata a Jidda. Alkawarin da yaro yake ɗauka ranar da za a ɗaura masa ƙyallen wuya kuwa, alkawari ne na sauke haƙƙin Ubangiji da na ƙasa, da taimakon mutane, da bin dokar ƙungiya. Yatsu ukun da ake ɗagawa wurin gaisuwa waɗannan abubuwa uku suke nufi, ba Allah-uku ba kamar yadda wasu ke yaɗawa.

Ba na barin wannan bayani a bakina ni kaɗai. Kafin yaro ya ɗauki alkawari, nakan fassara shi da Hausa in kai wa limamin unguwa ya duba, sannan a gayyaci iyaye su zo su ji da kunnensu abin da ɗansu ya faɗa. Abin da aka yi a gaban idonka, ba mai zuwa ya ba ka labarinsa a karkace.

Hannun hagu da gajeren wando

Akwai wata al'adar sikawut da ta fi alkawarin tayar da ƙura a wurinmu: musabaha da hannun hagu. Abin mamaki, labarin da ake bayarwa na asalinta daga nan Kumasi ya fito. Baden-Powell yana cikin sojojin Ingila da suka shigo garin nan a watan Janairun 1896 suka kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya. Ana cewa wani babban mayaƙin Asante ne ya miƙa masa hagu, ya ce jarumai da hagu suke gaisawa, domin sai mutum ya ajiye garkuwarsa kafin ya miƙa wannan hannun.

Labari ne mai daɗi, amma ka gwada aika yaro ya miƙa wa kakansa hagu ka ga abin da zai biyo baya. Su kansu Asantawa a yau ba sa karɓar abu da hagu. Wani dattijo ya taɓa tare ni bayan sallar la'asar, ya ce, "Ticha, mun ba ka yara ka koya musu ladabi, kai kuma kana kwance musu wanda muka ɗaura?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, a ba mu mako ɗaya mu zauna da kwamiti." Matsayar da muka cim ma ita ce: a cikin runduna da cikin unguwa, dama ce, kuma yaro ya rusuna wa babba kamar yadda aka saba. In an je babban taro da sauran rundunoni, ɗan sikawut ya miƙo hagu, sai a karɓa, domin alama ce ta ƙungiya ba raini ba. Wasu abokan aikina suna ganin mun rage wa sikawut armashi. Ni ban ga haka ba. Ba a yar da goro don ganyen da aka naɗe shi.

Haka batun wando. Yaron da ya balaga, wandon da bai rufe gwiwa ba ba zai yi salla da shi ba. Mun ɗinka dogo mai launin inifam, magana ta ƙare.

Lokacin makaranta, lokacin salla

Mafi yawan rundunoni da safiyar Asabar suke taro. A zango kuwa Asabar da Lahadi na makarantar Islamiyya ne. Duk shugaban da ya sa taronsa a wannan lokaci ya ja daga da malamai ke nan, kuma shi zai sha ƙasa. Namu taron ranar Lahadi ne bayan la'asar, a tashi kafin magariba.

A sansani, jadawalin yini a kan salloli biyar ake gina shi, ba a cusa salla a inda aka samu giɓi. Kuma nan ne sikawut take zama makaranta ta gaske. Yaron da aka koya wa amfani da kamfas, sai a ce ya fitar mana da alƙibla: daga Kumasi tana wajen digiri 65 daga arewa, wato gabas mai karkata arewa. A daji ne yaro zai ga amfanin babin taimama da na sallar matafiyi da ya haddace a makaranta. Yaranmu Kirista kuwa, ranar Lahadi da safe ana ba su lokacinsu da wurinsu. Abin da muke nema a makarantun da mu ne 'yan tsiraru, dole mu bayar da shi a inda mu ne masu yawa.

Ba ma fita sansani a cikin Ramadan. Wannan ma a rubuce yake.

Dokar manya biyu

Nan ne muhawara ta fi zafi, kuma nan nake so mai karatu ya tsaya. Dokarmu ta ce babu babban da zai keɓe da yaro ɗaya, ko a tanti, ko a ɗaki, ko a kan babur zuwa wani wuri da ba gidan yaron ba. Kowace fita sai da manya biyu aƙalla. Babba ba ya kwana a tantin yara. Ba ya aika wa yaro saƙo ta WhatsApp shi kaɗai. Saƙo ta wayar iyaye yake bi.

Ranar da na karanta wannan a kwamiti, wani mai taimaka mana, mutumin kirki wanda kowa ya shaida, ya ɓata rai. Ya ce, "Malam, wato zargina ake yi? Ni da nake jan salla?" Mutane da yawa suka goya masa baya. A ganinsu irin wannan doka ta Turawa ce, mu nan addini da kunya sun isa.

Ga amsar da na ba su. Ƙungiyar sikawut ta Amurka, mai tarihin fiye da shekara 100, ta shiga kotu a watan Fabrairun 2020 tana neman kariyar fatara saboda ƙararrakin lalata da yara. Mutane fiye da 82,000 suka fito suka ce an ci zarafinsu suna yara, aka ware asusun diyya na fiye da dala biliyan 2. Masu irin wannan ɓarna ba baƙi ba ne da ke faɗowa daga sama. Galibi mutane ne da iyaye suka yarda da su, shi ya sa ma aka ba su yaran. Babban taron sikawut na duniya da aka yi a Baku a 2017 ya amince da manufar kare yara daga cutarwa, ya ɗora wa ƙungiyoyin ƙasashe aiki da ita. Mu kuma ba mala'iku ba ne. Bambancinmu da su kawai, mu in abu ya faru sai a ce a rufa asiri, a bar yaro da ciwonsa har girma.

Dokar ba zargin kowa take yi ba, tunda ta hau kan kowa, har da ni da na rubuta ta. Tana kare yaro daga mugu, tana kuma kare mutumin kirki daga ƙazafi. Addininmu da ya umarci a rubuta bashi a kafa shaidu ko tsakanin aminai, ya kuma ce a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma, ba zai ƙi wannan ba. Daga ƙarshe mutumin ya sa hannu, kuma har yau yana tare da mu.

Haka muka hana duka da horon wulaƙanci. Yaron da ya yi laifi, shugabannin rukunoni ne ke zama a kansa, su yanke masa aikin da zai yi.

'Yan mata fa?

Wasu iyaye cewa suke ɗiya mace ba ta da abin yi a daji. Wasu malamai matasa kuma suna so a haɗa maza da mata a runduna ɗaya kamar yadda ƙasashe da yawa suka koma yi. Ni ina tsakiya. Yarinyar da ta iya taimakon farko, ta iya tsayawa ta yi magana a gaban jama'a, ta san inda za ta kai ƙara in an taɓa ta, riba ce ga gidansu da gidan aurenta. Amma in aka ce sai an cakuɗa, iyayen zango za su janye 'ya'yansu mata gaba ɗaya, mu tashi a tutar babu. Hanyar da ta yi mana aiki ita ce rukunin mata daban, ƙarƙashin malamai mata, da hijabi mai launin inifam. Ƙungiyar 'yan mata ta Girl Guides ma tana ƙasar nan tun 1921. Matsalarmu ta gaske ƙarancin mata manya ne masu yarda su karɓi horo su jagoranta. Hajiyoyinmu da malamanmu mata, ƙofa a buɗe take.

Kuɗi da shirin sansani

Kuɗi ne ke kashe ƙungiyoyin zango, kowa ya sani. Shugaban runduna ba ya riƙe ko sidi ɗaya. Ma'aji daga cikin iyaye yake, ana karanta lissafi a bainar jama'a kowane zangon karatu. Ba a korar yaro don ba shi da inifam. Ƙyallen wuya ya isa ya fara, kuma waɗanda suka gama sukan bar wa na baya kayansu.

Kafin fita, kowane yaro sai ya kawo takardar izini da sa hannun mahaifi ko mariƙi, da katin inshorar lafiya da bai mutu ba, da bayanin ciwon da yake da shi, musamman sikila da asma. Muna zuwa mu ga wurin tun kafin ranar: ina ruwan sha, ina asibiti mafi kusa, akwai sabis na waya? Muna guje wa tsakiyar damina, daga Afrilu zuwa Yuli. Gidan sauro dole ne. In kusa da ruwa ne, irin tafkin Bosomtwe, ba mai shiga sai an gwada iyonsa kuma babba yana tsaye. Kada a ce wannan tsanani ne. A babban sansanin sikawut na duniya da aka yi a Koriya ta Kudu a 2023, zafi ya kwantar da yara ɗaruruwa, daga baya aka kwashe kowa saboda guguwa. In haka ta faru ga masu kuɗi da likitoci, mu da muke tafiya a tiroto sai mu ninka hattara.

A bar yara su yi shugabanci

Wannan ita ce dokar da ta fi yi wa malamai irina wuya, domin mun saba mu faɗa a yi. Ginshiƙin sikawut shi ne ƙananan rukunoni na yara shida zuwa takwas, kowanne da shugaban da su suka zaɓa. Su ke tsara abin da za su ci, su je kasuwa su yi ciniki, su hura wuta. Shinkafa da wake za ta ƙone, koko zai yi gudaji. Ka kama bakinka, ka bar su su ci a haka. Wata fitar ba za ta ƙone ba.

Dalilin da ya sa nake ganin duk wannan wahala ta cancanta shi ne abin da ke jiran yaranmu a bakin titi. Mun ga yadda tiramadol ya yi da samarin unguwanninmu. Mun ga yadda 'yan siyasa ke zuwa zango neman ƙarti lokacin zaɓe, har sai da majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin banga a 2019 bayan rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon. Yaro mai shekara 13 yana son ƙungiya, yana son inifam, yana son a ce da shi jarumi. In ba mu ba shi ta hanya mai kyau ba, wani zai ba shi ta wata hanyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shawarata ga iyaye: kada ku hana, kada kuma ku miƙa yaro ido rufe. Ku je wurin shugaban rundunar ku ce ya nuna muku rajistarsa da ƙungiyar sikawut ta ƙasa, da shaidar horon da ya samu, da dokokinsa a rubuce. Ku tambaye shi manya nawa ke kwana a sansani, kuma su wane ne. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ku riƙe ɗanku. Wanda ya yi murna da su, ku ba shi yaron, ku kuma karɓi kujera a kwamitinsa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amana.