Ɓuntu na Cin Wuta a Juji, Masu Gumi na Sayen Itace

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya bayan girbin shinkafa, da ya doshi Kura zai fara ganin tsibin ɓuntu a bayan injinan casa. Wani tsibin ya kai tsayin ɗaki, wani kuma wuta ta kama shi tana ci a hankali kwana da kwanaki, hayaƙi na bin gari. A cikin gidajen da ke kusa da injinan, da ƙauyukan Madobi da Bunkure da Garun Malam, mata masu gumi suna lissafin kuɗin itace kafin su ɗora tukunya. Makamashi na ƙonewa a banza a waje, ana sayen wani da tsada a cikin gida.

Arzikin wannan yanki daga ruwa ya taso. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala ta a 1974, aka ja ruwanta ta manyan magudanai yana gangarowa da kansa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Manoman Madobi da ke maƙwabtaka sun rungumi noman rani a fadamunsu, suna jan ruwa da inji. A bayan manomi kuwa akwai jerin masu ƙananan sana'o'i: mai gumi, mai shanya, mai injin casa, dillali, mai sayar da taki da maganin feshi, mai walda, mai dako. Kowannensu ruwa da ƙasa da itatuwan yankin ne jarinsa na farko, ko da bai rubuta su a littafin ciniki ba. Saboda haka maganar kula da muhalli a nan maganar riba da faɗuwa ce, ta yau da gobe.

Abin da ke cikin ɓuntu

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Buhu mai kilo 100 zai bar kimanin kilo 20, injin da ke casa buhu 50 a yini kuma ya tara tan guda kafin magariba. Masu kaji suna ɗiba don shimfiɗa, wasu matan ma suna barbaɗa shi a murhu tare da itace, amma abin da ake tarawa ya fi abin da ake kwashewa. Alhali zafin da kilo ɗaya na busasshen ɓuntu ke bayarwa bai gaza na kilo ɗaya na itace da yawa ba.

Dalilin da ya sa mata ba su sakankance da shi ba sananne ne. Ɓuntu yana cushewa wuri guda ya hana iska ratsawa, sannan yana ɗauke da silika mai yawa, sinadarin nan da ke cikin yashi, wanda ke sa tokarsa ta yi yawa ta danne wuta. Idan an zuba shi a murhun duwatsu uku sai ya yi ta hayaƙi ba harshen wuta. Maganin yana wajen ƙirar murhun. Ana yin wani na ƙarfe mai siffar mazurari, ɓuntu na zuba a hankali ta gefe, iska na shiga ta ramuka daga ƙasa, toka na faɗuwa ta gindi. Akwai kuma mai ƙaramar fanka, wanda ke turara ɓuntun ya fitar da iskar gas, ita ce ke ci da shuɗiyar wuta kusan babu hayaƙi. Manoma a Filifin da Biyetnam sun daɗe da irin waɗannan murahu, kuma babu wanda ya fi ƙarfin mai waldar Kura idan ya ga samfuri.

Tukunyar gumin ma tana da gyara. A yadda aka saba, ruwa da shanshera wuri ɗaya suke, ta ƙasa ta dahu ta wuce misali, ta sama ba ta sami tururi sosai ba. Idan aka sa faifan ƙarfe mai huji-huji a tsakani, ruwa kaɗan a ƙasa, shinkafa a sama, aka rufe da murfi mai kama baki, tururi ne kaɗai zai ratsa ta. Ruwan da za a tafasa ya ragu, wutar da za a hura ta ragu, shinkafa ta fito kala ɗaya, kuma ba ta karyewa sosai a inji. A kan wannan hikima cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice ta gina tukunyarta ta zamani, wadda ƙungiyoyin mata ke aiki da ita a Jamhuriyar Benin da Lafiya ta jihar Nasarawa. Shinkafar da ba ta karye ba ta fi daraja a kasuwar Dawanau, itacen da ba a saya ba kuma bishiya ce da ta tsira a wani dajin. Ga kuma lafiyar mai gumin kanta da yaron da ke bayanta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na kashe kimanin mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara.

Ko ragowar ɓuntun ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ɓuntun da aka turara ya zama baƙi, idan an cuɗa shi da takin gida aka zuba a fangalin rainon iri, yana sassauta ƙasa ya riƙe danshi. Idan kuma an daka shi aka kwaɓa da kokon rogo aka dunƙule, ya bushe ya zama gawayin sayarwa. Wannan sana'a ce sukutum ga matasan da ke zaune a bakin injina suna jiran dako.

Sola ta zo, amma ruwa na da iyaka

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin ban ruwa da inji ya ninka, manoma da dama suka koma injin sola. Ci gaba ne na gaske: babu hayaƙi, babu zirga-zirga da jarka. Sai dai fetur, saboda tsadarsa, shi ne ke sa mutum ya kashe inji da wuri. Yanzu da rana ke ba da wuta kyauta, akwai haɗarin a bar ruwa na kwarara tun hantsi har la'asar. Ruwan da ya wuce kima yana wanke takin zamani ya kai shi magudana, yana kwanciya a gona har kanwa ta taso ta kashe ƙasa, kuma na ƙarshen magudana ya rasa rabonsa. Ruwan nan na Tiga shi ne dai masunta da makiyayan Haɗeja da Nguru ke jira.

Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta fito da dabara mai arha. A sami bututun roba mai tsawon santimita 30, a huda rabinsa, a kafa ɓangaren mai hujin cikin ƙasa, a kwashe laka daga ciki. Bayan shuka ta kama, ba a sake ban ruwa sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron gona, in ban da lokacin da shinkafa ke fure, wanda ba a bari ta ji ƙishi. Dabarar na iya rage ruwa har kashi 30 cikin 100 ba tare da amfanin ya ragu ba, tana kuma rage iskar metan mai ɗumama duniya da ke tashi daga gonar da ruwa ya kwanta.

Mai shagon maganin feshi shi ma yana da rawar takawa. Ya koya wa mai saye ya ɗauraye kwalba sau uku ya juye cikin tankin feshi, ya huda ta, kada ta koma gida a zuba man gyaɗa ko ta ƙare a magudana. Mai tumatir kuma da ya shanya kauɗarsa a kan gado mai raga maimakon ƙasar bakin titi, zai sami kaya mai tsabta da farashi mai kyau.

Ina jarin?

Wannan ita ce tambayar da kowace mai gumi za ta yi, kuma da gaskiyarta, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Matar da ribarta ba ta wuce cefanen yini ba, ba za ta sayi sabon murhu da tukunya rana ɗaya ba. Amma mata goma masu adashe ɗaya za su iya, ko dai su mallaki guda su riƙa karɓa-karɓa, ko kowace kwasa ta tafi ga murhun mutum ɗaya har a zagayo. Mai inji kuma ya bar kallon ɓuntu a matsayin shara: ya killace shi kada ruwa ya jiƙa, ya ba matan da ke kawo masa aiki a farashi mai sauƙi, ya huta da rigimar hayaƙi da maƙwabta.

Hukumomi na da nasu kason. Hukumar KNARDA tana da malaman gona, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tasha a Kadawa, Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna. Abin da ake buƙata gare su bai fi su kawo samfurin murhu da tukunya da bututu ranar kasuwa ba, su hura wuta a gaban jama'a, su auna itacen da aka saba ƙonawa da ɓuntun da ya maye gurbinsa, sannan su bar wa masu walda zanen. Mutanen Madobi da Kura da Bunkure 'yan kasuwa ne. Ranar da mace ɗaya ta gama gumi ba ta sayi itace ba, maƙwabtanta ba za su jira wani ya yi musu wa'azi ba.