Ina Baƙo Zai Kwana a Kano?

Ya 'yan'uwa malamai da 'yan kasuwa, duk wanda ya yi sammako ya ratsa ta gindin gadar Ƙofar Nasarawa ko bakin rumfunan kasuwa, lalle ya kan iske mutane kwance bisa kwali, kowa ya yi matashi da takalmansa. Mu kan kau da kai mu ce ɓarayi ne. Akwai ɓarayin, ba mu musa ba. Amma a cikinsu akwai ɗan dako, da mai yankan farce, da ɗan ci-rani wanda abin da ya ke samu bai kai kuɗin hayar ɗaki ba.

A dā zaure shi ne masaukin irin waɗannan. Baƙo ya iso da almuru ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a fito masa da tuwo. Fatake kuwa su na da zango da fatomansu. Yau gidajen da a ke ginawa sai katanga da ƙyauren ƙarfe, da yawa kuma cikin waɗanda su ka gaji zaure sun mai da shi kanti.

Saura masallaci, shi ma a kan garƙame shi bayan lisha. Masu rufewa su na da hanzari: an sha sace fankoki da lasifika, sa'an nan tun harin Babban Masallacin Juma'a, ran 28 ga Nuwamba 2014, tsoron baƙuwar fuska ya shiga zukata. To, amma malamai sun fi mu sanin Ahlus Suffa, matalautan nan da su ke kwana a rumfar masallacin Madina, har da Abu Huraira a cikinsu.

Hukuma ta yi dokar hana bara a titi cikin 2013, ta sāke hani a Fabrairu 2020, kuma a shekarar, da annobar korona ta zo, aka kwashi almajirai aka mai da su jihohinsu. Bara ke nan aka kora. Ɗan dako ba ya bara, wurin kwana ne ba shi da shi.

Roƙonmu ga attajirai masu gina masallatai: a ƙara ɗaki guda da makewayi a gefe, a sa wani dattijon unguwa ya riƙa rubuta sunan mai kwana, tun hunturu bai kama ba.