Wata Guda Ba Nama A Tukunyarmu

A ƙasarmu, idan aka ce gida ya yi wata guda ba a ga nama cikin miya ba, ba mai tambayar dalili, gama kowa ya san rashi ne. Amma a Turai da Amurka akwai masu hali da suka bar cin nama da gangan, waɗansu don lafiyar jiki, waɗansu don tausayin dabbobi, labarinsu kuwa yana iske 'ya'yanmu ta wayar hannu. Matasan ikkilisiya sun sha tare mu bayan sujada suna tambaya ko wannan hanya ta dace da mai bi, ko kuma jikin mai noma zai iya ɗaukarta. Domin mu ba su amsa daga abin da muka gani da idonmu, a azumin shekarar 2025 muka ajiye nama da kifi a gidanmu, a nan ƙaramar hukumar Buji, daga Larabar Toka, 5 ga Maris, zuwa 4 ga Afrilu. Mu bakwai ne: mu da uwargida, da yara huɗu, da tsohuwarmu. Muka bar naman shanu da na akuya da na kaza, muka bar kifi ɗanye da busasshe, har ƙashin da ake jefawa cikin miya. Ƙwai da nono kam ba mu bar su ba, za mu faɗi dalili a gaba.

Da fari dai ya kamata masu karatu su sani Littafi Mai Tsarki bai hana cin nama ba. A Farawa sura 9 Allah ya ba Nuhu da zuriyarsa dabbobi su zama abinci. Labarin da matasa suka fi kawowa shi ne na Daniyel sura 1, inda Daniyel da Hananiya da Mishayel da Azariya suka roƙi a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa a fādar Nebukadnezzar, aka kuwa iske su sun fi sauran samari kyaun jiki. Sai dai abin da Daniyel ya guje wa shi ne ƙazantar da kansa da abincin sarkin Babila, ba maganar ƙiba ko hawan jini ya sa a gaba ba. Manzo Bulus kuma a Romawa sura 14 ya raba gardamar, ya hana mai ci ya raina wanda ba ya ci, ya hana wanda ba ya ci ya hukunta mai ci. Saboda haka abin da muka yi horon kai ne na ɗan lokaci, ba doka ba ce da za mu ɗora wa kowa.

Ba mu ne farau ba. 'Yan'uwanmu na Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha suna azumin kwana 55 kafin Ista, ba nama, ba madara, ba man shanu, ba ƙwai, haka kuma yawancin ranakun Laraba da Jumma'a cikin shekara. Abin da ya riƙe su ɗaruruwan shekaru shi ne miyar garin wake iri-iri da suke ci da wainarsu mai faɗi. A Amurka kuma, Jami'ar Loma Linda ta fara bin lafiyar 'yan Ikkilisiyar Adbentis kimanin 96,000 tun daga 2002, aka ga waɗanda ba sa cin nama a cikinsu sun fi ƙarancin ƙiba da ciwon sukari da hawan jini. Amma mutanen nan kantunansu cike suke da abinci kowane wata na shekara, mu kuwa a Maris rumbu ya fara sauka.

Mako na fari ya nuna mana nama ba shi ne babban giɓin ba. Dā ma a gidan katikis na ƙauye nama baƙo ne, yakan zo ranar kasuwa ko ranar Lahadi, a yanka shi ƙanana domin ya zagaya kowa. Abin da baki ya nema shi ne busasshen kifin nan na wajen Haɗeja da uwargida kan marmasa cikin miyar kuka. Da aka cire shi, miya ta zama salam. Tsohuwarmu ce ta gyara al'amarin. Ta ce a ninka daddawa, a daka ta da citta da masoro da barkono, a soya albasa sosai kafin a tsai da ruwa, ta ce haka suka yi miya a zamaninsu shekara da shekaru, suka kuma haifi 'ya'ya suka yi noma. Daddawar ɗorawa ba ƙamshi kaɗai take bayarwa ba, ita ma abinci ce mai gina jiki, ko da yake ɗan kaɗan ake sawa.

Ga yadda lissafin yake. Abin da jiki ya fi nema a nama shi ne furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da sa yaro girma. A ɗanyen naman shanu furotin kusan kashi ɗaya ne cikin biyar. A busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Amma kada wannan ya ruɗi mai karatu: wake in ya dahu ya sha ruwa ya kumbura, sai an ci da yawa kafin a sami abin da ɗan nama zai bayar. Sa'an nan furotin na gero da dawa da masara yana da giɓi, na wake ne ke cike shi, wake kuma hatsi ke cike nasa giɓin. Kakanninmu ba su karanta wannan a makaranta ba, amma dubi abincin da suka bar mana: kunu da ƙosai, ɗanwake, tubani, garau-garau, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli. Kowanne hatsi ne ko rogo aka aurar da wake ko gyaɗa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, mafi yawansa kuma daga Arewa yake fitowa, amma har yanzu a gidaje da yawa ana ganinsa abincin wanda ya rasa.

Watan Maris yana da nasa alheri da nasa ƙunci. Masu noman rani a fadamu sun cika kasuwa da tumatir da albasa da kabeji da karas da latas, sai muka yi ta kwaɗo da rana. Ɗanyen ganyen daji kuwa babu sai busasshe: zogale da rama da yakuwa da kuɓewa da aka shanya tun kaka. Gidan da uwargida ba ta yi wannan tanadi ba zai sha wuya. Nono ma a bazara ƙaranci yake yi, gama shanu ba su da ciyawa, wanda ake samu sau da yawa an ƙara shi da garin kuka. Da yake azumin Musulmi ya fara ranar 1 ga Maris a shekarar, kowace yamma ƙosai yana ko'ina, amma wake da ƙwai sun yi masu nema.

Awara ce ta ceci bakin yara. Wannan abinci ba tsoho ba ne a wurinmu. Ya bazu ne bayan aikin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi wajen koya wa mata sarrafa waken suya a ƙarshen shekarun 1980, yau kuwa ba garin da ba a soya ta. Akan jiƙa waken, a niƙa, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ko na tsamiya har ta dunƙule, sai a matse cikin ƙyalle a yanka. In aka soya ta aka jefa cikin miyar tumatir, yaro yakan sami abin taunawa, a nan ne kuwa rabin rigimar nama take.

Yanzu ga dalilin da ya sa muka riƙe ƙwai da nono, kuma wannan ne muka fi so iyaye su kula da shi. Akwai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa yi sai da shi, ba a kuwa samunsa a hatsi ko wake ko ganye, sai a nama da kifi da ƙwai da madara. Babba yana da ajiyarsa a hanta wadda za ta kai shi watanni da yawa, jariri da ƙaramin yaro ba su da irin wannan ajiya. Sinadarin ƙarfe ma, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini, yana cikin wake da ganye, amma jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama. Lemun tsami da tumatir da gwaiba suna taimakawa in an ci su tare, shayi kuwa yana ragewa, shi ya sa muka raba shayi da lokacin abinci. Autarmu tana da shekara biyu da 'yan watanni, cikinta ƙarami ne, ba za ta iya cin tulin wake ba. Kullum akan dafa mata ƙwai, a dama mata kunun gero da aka haɗa da garin soyayyen waken suya da gyaɗa, irin wanda ma'aikatan asibiti ke kira Tom Brown. Mace mai ciki ko mai shayarwa, da yaron da ya taso daga ciwo, ba ma ba da shawara a sa su cikin irin wannan horo ko kaɗan.

Ba tsoro marar dalili muke ji ba. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jihar Jigawa kuwa kashi 64. Wannan a jihar da kowace Alhamis manyan motoci ke tashi daga kasuwar Maigatari cike da shanu zuwa Kudu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, gidaje da yawa a ikkilisiyoyinmu suka bar nama ba tare da sun zaɓa ba. Irin waɗannan gidaje ba wa'azin barin nama suke bukata ba. Tuwo da miyar kuka safe da dare, ba wake, ba gyaɗa, ba ƙwai, shi ne abin da ke hana 'ya'yansu tsawo. Mun ga kuma matan da ke kwashe ƙwan kajinsu duka su kai kasuwa, su sayo taliya da lemun kwalba. A ganinmu wannan ciniki hasara ce, ko da kuɗin ya yi saura.

Tun ranar fari yaran suka yi tambayar da mu ma take ranmu: "Baba, ranar Sallah fa?" Mu tsiraru ne a nan, maƙwabtanmu Musulmi ne, kowace Sallah kuma 'ya'yansu kan shigo da kwanuka, waina da miyar taushe da kaza, kamar yadda namu kan kai musu a Kirsimeti. Sallar ta faɗo ranar Lahadi, 30 ga Maris, cikin watanmu. Mun riga mun yanke shawara cewa kwanon maƙwabci ba za ya koma da abincinsa ba, ba kuwa za a zubar ko a ɓoye ba. A Luka sura 10 Ubangiji ya umarci almajiran da ya aika su ci abin da aka kawo musu a garin da aka karɓe su. Muka dawo daga majami'a, muka yi godiya, muka ci, washegari muka koma kan wakenmu. Zumuncin da aka gina shekara da shekaru a unguwa ya fi lissafin kwana talatin nauyi, kuma azumin da zai sa maƙwabci ya ji an ƙyamaci hannunsa ba za mu koya wa 'ya'yanmu shi ba.

Maganar kuɗi kuwa, waɗanda ke cewa barin nama tanadi ne sun faɗi rabin gaskiya. Abin da ba mu kai wa mahauci ba, yawancinsa ya tafi ga wake da man gyaɗa da ƙwai da kuɗin niƙa, ɗan abin da ya ragu muka sa cikin baikon gwauraye. Wanda ya biya sauran kuɗin uwargida ce, da ƙarfinta. Nama yanka ne da wanki. Wake sai an tsince, an jiƙa, an surfa, an wanke, an kai inji. Awara takan ci rabin yini. Itace kuma yana ƙarewa da sauri, ko an jiƙa waken tun dare an sa 'yar kanwa. Maigidan da zai tashi a taron iyali ya sanar da wata guda ba nama, ya fara shawara da mai tukunya, ya kuma san wanda zai ɗebo ruwa da wanda zai faskara itace. Mu dai samarin gidan muka ɗora wa zuwa inji da tsintar wake.

Game da jiki, ba mu ga abin al'ajabi ba, ba mu kuma ga lahani ba. Kwanakin fari ciki ya yi ta kumburi saboda yawan wake, daga baya ya saba. Mun ci gaba da zagayen ƙauyuka a kan keke cikin zafin bazara kamar kullum, yara suna zuwa makaranta, ba wanda ya kwanta. Wata guda bai isa a auna hawan jini ko sukari a ce ga sakamako ba, kada wani ya ajiye maganin da likita ya ba shi saboda ya koma cin ganye.

Ranar Ista, 20 ga Afrilu, mun yanka zakara. Amma wake ya zauna a tukunyarmu sau uku ko huɗu a mako, wannan kuwa ya kawo mu ga maganar ajiya. Wake yana araha a kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, ya yi tsada a bazara da damina, ƙwaro kuma shi ke sa manomi ya sayar da wuri. Waɗansu sukan barbaɗa maganin ƙwari cikin buhu, abin da ya sha kwantar da iyalai. Akwai buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowane ruɓi dabam, iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu ba tare da magani ba. Gyaɗa ma a shanya ta sosai, a tsince wadda ta yi fumfuna a zubar, gama gubarta tana lalata hanta, soyawa kuma ba ta kashe ta. Mun kai maganar gaban Zumuntar Mata, suna shawarar haɗa kuɗi a kaka su sayi wake da waken suya buhu-buhu, a ajiye a ɗakin ikkilisiya, a riƙa auna wa gidaje masu ƙananan yara daga watan Yuni har sabon amfani ya shigo.