Daga Birnin Kudu zuwa Amurka ko Kanada: Wane jirgi za ka hau?

A wajenmu nan kudancin Jigawa, in aka ambaci jirgin sama, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne aikin Hajji. A tara maniyyata a sansani, a kira suna, mutum ya hau jirgi a Dutse, sai Saudiyya. Hukumar alhazai ce ta san kamfanin, ita ta san ranar tashi, ita ke bin sawun jaka in ta ɓata. Shi alhaji nasa addu'a da riƙe fasfo.

To, tafiya Amurka ko Kanada ba haka take ba. In yayanka da ke Maryland ya gayyace ka hutu, ko ƙanwarki za ta kammala karatu a Toronto kina son ki halarta, babu hukumar da za ta tsaya muku. Komai a wuyanka yake. Kuma maganar miliyoyin naira ake yi, wataƙila adashin shekara biyu, wataƙila ma sai da aka sayar da sa aka cika.

Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu buɗe waya, mu jera farashi, mu danna mafi araha. Nan kuskuren farko yake. Farashin da ka gani na wanda gidansa ke kusa da filin jirgi ne. Kai kuwa daga tashar Gwaram ko ta Birnin Kudu tafiyarka za ta soma, don haka daga nan lissafinka zai fara.

Ƙofofi uku ne a gabanka

Ƙofa ta farko Kano. Ka bi ta Kwanar Huguma da Wudil, cikin 'yan awanni kana filin jirgin Malam Aminu Kano. Babu jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Amurka ko Kanada, sai dai a yada zango. Ethiopian Airlines zai kai ka Addis Ababa, EgyptAir ya kai ka Alƙahira, Qatar Airways kuma, wanda ya fara zuwa Kano a watan Maris na 2022, ya kai ka Doha. Duk ukun gabas za su fara yi da kai, alhali yamma ka nufa. Daga Doha zuwa New York kaɗai wajen awa 14 ne a sama. Daga Alƙahira wajen awa 12. Jirgin Addis kuwa yakan tsaya a hanya kafin ya tsallaka teku, domin birnin yana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300, jirgi ba ya iya tashi daga can da cikakken mai da cikakken kaya.

Ƙofa ta biyu Abuja. Can ne za ka samu British Airways zuwa Landan, Lufthansa zuwa Frankfurt, Air France zuwa Paris, da Turkish Airlines zuwa Istanbul. Ta Turai hanyar ta fi miƙewa: awa shida zuwa bakwai zuwa can, sannan wajen awa takwas a tsallaka tekun Atlantika zuwa New York ko Toronto.

Ƙofa ta uku Legas, inda ake samun jirgin kai tsaye. Delta na zuwa Atlanta tun 2007, United kuma na zuwa Washington tun ƙarshen 2021. Awa 12 zuwa 13, ba sauka, ba canji.

Wanda ya kalli wannan jeri zai ce ai Legas ta fi, ko Abuja. In a can kake zaune, haka ne. Amma kai fa?

Tikiti ɗaya ko tikiti biyu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa.

A ce ka sayi tikitin Legas zuwa Atlanta, sannan ka sayi na Kano zuwa Legas daban a wani kamfani na cikin gida. Ciniki biyu ke nan, babu ruwan wani da wani. Yanzu ka ɗauka watan Disamba ne, lokacin da aka fi tafiya hutu, hazo ya rufe Kano, an ɗage jirginka na safe zuwa yamma, daga yamma zuwa gobe. Wanda ya taɓa tashi daga Kano da hunturu ya san ba tatsuniya ba ce. Jirgin Atlanta ba zai jira ka ba. A wajensu fasinja ne bai zo ba, shi ke nan. Kuma ƙa'idar yawancin kamfanoni ita ce in ka rasa zuwa, sai a soke dawowar ma. Tarar canjin rana, in ma tikitin naka na canzuwa, za ta iya haɗiye duk rarar da ka yi murnar samu.

Ko jirgin ya tashi a kan lokaci, akwai sauran aiki. A Legas ɓangaren jiragen cikin gida daban yake da na ƙasashen waje. Sai ka ɗauki jakunkunanka, ka nemi mota, ka sake layi, a sake awo. Kilon da jiragen cikin gida ke yarda da shi kuma yawanci bai kai na jirgin waje ba, wanda sau da yawa jaka biyu ne masu kilo 23 kowace. Bambancin daga aljihunka zai fita. Ka haɗa da kuɗin otal, domin mai hankali kwana ɗaya zai ba da tsakani.

Amma in tikiti ɗaya ne daga Kano har inda za ka, nauyinka na kan kamfanin. In jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, su za su sa ka a na gaba ba tare da ka ƙara ko sisi ba. Jakarka kuma tun daga Kano za a liƙa mata takardar ƙarshen tafiya. Shi ya sa tikitin Kano da ya ɗara na Legas tsada a waya, in an zauna an yi lissafi, sau da yawa shi ne mai arahar.

In garin da za ka ƙarami ne, sai ka duba ƙawancen kamfanoni, domin shi ke sauƙaƙa haɗa tafiya a tikiti ɗaya. Ethiopian, EgyptAir, Turkish da Lufthansa suna Star Alliance tare da United da Air Canada. Qatar da British Airways suna oneworld tare da American Airlines. Delta da Air France suna SkyTeam.

Biza kafin tikiti

Kada ka biya kuɗin tikiti sai biza ta shiga fasfonka. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata uku, sannan daga farkon 2026 ta ƙara taƙaita bayar da ita. Wata uku ba su da yawa, don haka ranar tafiya ce za ta bi biza.

Akwai kuma bizar wucewa. Mai fasfon Najeriya na buƙatarta kafin ya canza jirgi a Jamus, Faransa ko Ingila, ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. Sauƙin shi ne, mai riƙe da ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada an ɗauke masa wannan. Sai dai ka kula da tikitin da ke da zango biyu a Turai, misali Frankfurt sannan Paris: wannan shiga Turai ne sosai, sai da bizar Shengen. Haka wanda zai sauke ka a Gatwick ya ce ka tashi daga Heathrow, hukuncinsa daban ne. Irin waɗannan tikitin ne ke yawan fitowa a saman jerin masu araha. Ka kuma riƙe katin rigakafin cutar shawara, domin ana iya tambayarsa a hanya.

Zaman jira, abinci da sallah

Ka duba awannin da ke tsakanin jirgi da jirgi. Ƙasa da awa biyu ganganci ne ga wanda bai taɓa zuwa ba, domin filayen Doha da Istanbul kamar gari guda suke. In jiran ya yi tsawo har kwana, ka tambaya tun kafin ka biya: kamfanin zai ba da masauki, ko a kan kujera za ka kwana? In kuma za ka sake hawa wani jirgi a cikin Amurka, ka bar aƙalla awa uku, domin a garin da ka fara sauka za ka bi layin shige da fice, ka ɗauki jakarka, kwastam su duba, ka sake miƙa ta.

Batun abinci, Qatar, Turkish da EgyptAir na halal suke bayarwa. A sauran kamfanonin kai za ka nema tun kwana biyu kafin tafiya. Lambar abincin Musulmi a tsarinsu ita ce MOML. Filayen Doha, Istanbul da Alƙahira duk akwai wuraren sallah. In da azumi za ka tafi, ka sani mai tafiya yamma rana yake bi, yininsa zai yi tsawo ƙwarai. Agogon New York da Toronto yana bayan namu da awa biyar a bazararsu, shida a hunturunsu. Ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru, haɗa salloli da ajiye azumi tun kana gida.

Tsarabar Hajiya kuma a yi hattara. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka, ƙwacewa za a yi. Kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa, duk abin da ka ɗauko ka bayyana shi ga kwastam. Ɓoyewa ce ke jawo tara.

Kafin ka tura kuɗi

In ta hannun ejan za ka saya, kada takarda mai tambarin kamfani ta ruɗe ka. Ajiyar kujera daban, tikiti daban. Tikiti na gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13: na Ethiopian yana farawa da 071, na EgyptAir 077, na Qatar 157, na Delta 006. Ka karɓi wannan lamba da ta ajiyar kujera mai haruffa shida, ka shiga shafin kamfanin da kanka ka ga sunanka, a rubuce daidai da na fasfo.

In kuma kai tsaye ka saya a shafin kamfanin, tafiyar Amurka ce, kuma saura mako ɗaya ko fiye, dokar can ta ba ka awa 24: ko ka fasa a dawo maka da kuɗinka cif, ko a riƙe maka kujera kafin ka biya. Ka karanta kuma ko tikitin ya haɗa da jaka, domin mafi arahar wani lokaci ba ya haɗawa. In jaka ta zo a lalace, yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba ka kwana 7 ka kai ƙorafi a rubuce, in makara ta yi kwana 21 daga ranar da ta iso hannunka. Gara dai ka yi rahoto tun kafin ka bar filin jirgin.

Don haka kafin ka zaɓa, ɗauko takarda ka ja layi uku: Kano, Abuja, Legas. A ƙarƙashin kowanne ka rubuta kuɗin mota daga gida, jirgin cikin gida, otal, rarar kaya, awannin jira, da abin da zai faru in jirgin farko ya makara. Ka yi wa dawowa irin wannan lissafi, domin jirgin da zai sauke ka a Kano da tsakar dare, kwana zai sa ka yi kafin ka kama hanyar Gwaram da safe. Wanda ya fito da sauƙi a wannan takarda, shi za ka biya.

Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da kai lafiya.