Janar Ɗanjuma: Hafsan da ya mayar da soja bariki

A tarihin rundunar sojin Najeriya, ba kasafai ake samun hafsan da ya sha yabo da suka a lokaci guda kamar Laftanar Janar Theophilus Yakubu Ɗanjuma ba.

An haife shi a garin Takum da ke jihar Taraba ta yanzu, ya kuma shiga aikin soja a 1960.

Sunansa ya fara fitowa ne a juyin mulkin watan Yulin 1966, lokacin da yake cikin sojojin da suka kama shugaban ƙasa, Janar Aguiyi-Ironsi, a Ibadan. An kashe Ironsi a ranar, kuma wannan tabo bai rabu da sunan Ɗanjuma ba, musamman a kudu maso gabashin ƙasar.

A yaƙin basasa, yana cikin kwamandojin da suka ƙwace birnin Enugu a 1967.

Janar Murtala Muhammad ne ya naɗa shi babban hafsan sojin ƙasa a 1975. Ya tarar da rundunar da yaƙi ya kumbura ta daga dakaru kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000, don haka ya duƙufa wajen rage yawanta da dawo da ɗa'a.

Babbar jarrabawar da ya fuskanta ita ce ta ranar 13 ga Fabrairun 1976, sa'ad da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranci kisan Murtala. Ɗanjuma ya tsara murƙushe yunƙurin, sannan ya mara wa Janar Olusegun Obasanjo baya ya gaji marigayin, duk da cewa dakarun ƙasa na hannunsa.

Gwamnatin ta cika alƙawarin miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoban 1979, shi kuma ya yi ritaya ya rungumi kasuwanci.

Ya zama ministan tsaro daga 1999 zuwa 2003, lokacin da aka zargi sojoji da kashe fararen hula a garuruwan Odi da Zaki Biam.

A 2018 kuma, a Jalingo, shi da kansa ya zargi rundunar da haɗa baki da mahara, ya ce jama'a su tashi su kare kansu. Rundunar ta musanta zargin.